Kwana a Tanti a Tsibiri da Yara: Yadda Muke Shirya Tafiyar

Sau biyu ni da maigida muka ɗebi yaranmu uku muka je muka yada zango a wani ƙaramin tsibiri a Tekun Indiya. Karon farko kwana huɗu muka yi, na biyu kwana shida. A tafiyar farko babban ɗanmu yana da shekara 11, ƙanwarsa 7, autarmu kuma 4. Tun dawowarmu iyaye suke tambayata yadda aka yi har muka kwana a bakin teku da ƙananan yara, ba ɗaki ba famfo, kuma muka dawo lafiya. Shi ya sa na zauna in rubuta shi dalla-dalla. Abin da nake so ku fara riƙewa shi ne, a tsibiri teku ke tsara muku rana. Ita za ta faɗa muku watan da za ku je, inda za ku kafa tanti, lokacin da yara za su shiga ruwa da lokacin da jirgi zai iya zuwa ya ɗauke ku. Wanda ya koyi karanta ta zai ji daɗin da ba zai manta ba.

Zaɓen wata da zaɓen tsibiri

Kafin ku duba hoton kowane tsibiri, ku duba yanayinsa. A yankin Karibiyan lokacin guguwar teku yana farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba. A kudancin Tekun Indiya da kudancin Tekun Fasifik kuwa daga Nuwamba ne zuwa Afrilu. A gaɓar Gabashin Afirka babbar damina tana sauka daga Maris zuwa Mayu, akwai kuma ƙaramar da ke zuwa wajen Nuwamba. Masunta a can suna da sunaye biyu na iska: kaskazi mai busowa daga arewa a ƙarshen shekara da farkonta, da kusi mai busowa daga kudu a tsakiyar shekara, wadda ta fi ƙarfi. Sanin wace iska ke kaɗawa zai gaya muku wane gefen tsibirin ne ke cikin lumana.

Sai izini. Ba kowace gaɓa ake barin mutum ya kafa tanti ba. A tsibiran Whitsunday na Ostareliya, alal misali, sai an karɓi takardar izini daga hukumar gandun daji tun kafin a je, haka ma a wuraren shaƙatawa na gwamnati a Hawayi. Inda ba hukuma ce ke riƙe da wurin ba, akwai mutanen ƙauyen da ke da shi, kuma su ake gaisarwa a nemi yardarsu. Da ƙananan yara, shawarata ku zaɓi tsibirin da mutane ke zaune a cikinsa, ko wanda tafiyar jirgi daga gare shi zuwa asibiti ba ta wuce awa ɗaya ba. Tsibirin da babu kowa yana da kyau a hoto. Sai yaro ya yi zazzaɓi da tsakar dare za ku san nisan ruwa.

Ku yi magana ta ƙeƙe-da-ƙeƙe da mai jirgin da zai kai ku: ranar da zai dawo, ƙarfe nawa, me za a yi idan teku ta hana shi fitowa. Ku karɓi lambar mutum biyu, kada ta ɗaya kawai. Ku bar wa wani na gida sunan tsibirin da ranar dawowarku. Kada kuma yaro ya taka jirgi sai da rigar hana nitsewa daidai jikinsa. Mu namu muke tafiya da su, domin waɗanda ke cikin jirage yawanci na manya ne, yaro yana faɗawa ruwa zai zame ta ƙasa ya bar rigar.

Inda za a kafa tanti

A nan zan daɗe, don a nan muka kusa yin kuskure mafi girma.

Teku tana cikowa tana janyewa. A yawancin gaɓoɓi sau biyu take cika a yini da dare, tsakanin cika ɗaya da ta gaba kusan awa 12 da minti 25, tsakanin cika da janyewa kuwa awa shida da 'yan mintuna. Kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50, saboda wata ne ke jan ruwan. Idan yau ta cika da ƙarfe uku na yamma, gobe sai wajen huɗu saura. Girman cikar ma ba ɗaya ba ne kullum. Idan wata ya cika, wato daren sha huɗu da sha biyar, da kuma lokacin da ya ɓuya gab da tsayuwar sabo, rana da wata suna ja ta layi ɗaya, sai teku ta yi cikar da ta fi kowacce ta kuma janye nesa fiye da kullum. A wurare irin su Zanzibar bambancin yakan kai mita huɗu, a Karibiyan kuwa a wurare da yawa bai kai rabin mita ba. Wanda ya saba duban wata ya riga ya sami rabin ilimin.

Mu ranar sha biyu ga wata muka sauka, da hantsi, ruwa ya janye. Muka ga rairayi fari fat, a shimfiɗe, ba ko tsinke, muka ce nan ne wurinmu. Har maigida ya gama ɗaure igiyoyi sai ga wani dattijo masunci ya zo wucewa da komarsa a kafaɗa. Ya tsaya ya gaishe mu, ya kama hannun maigida ya zagaya da shi bayan tantin, ya nuna masa wani layi na busasshiyar ciyawar teku da ɓawon katantanwa da guntayen itace da ya miƙe a tsawon gaɓar. Ya nuna sama, ya ɗaga yatsu biyu. Mai jirginmu ya fassara mana: nan da kwana biyu wata zai cika, ruwa zai zo har wannan layin ya wuce shi. Tantinmu yana ƙasan layin ne. Rairayin ya yi wannan tsabtar ne domin teku na wanke shi.

Muka kwance komai muka haura sama taku talatin, zuwa inda ciyawa mai rai ta fara tsirowa. Daren sha huɗu, gab da asuba, na farka da ƙarar ruwa kusa da kunnena fiye da yadda na saba ji. Na leƙa, farin wata tar, ruwa ya shafe wurin da muka fara sauka. Na koma na dubi yaran suna barci, na daɗe ina godiya ga Allah da kuma wannan dattijo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka ku nemi layin tarkacen da ya fi kowanne nisa daga ruwa, ku wuce shi sosai, ku nemi inda tsiro ke da rai. Ku sauke jadawalin cikar teku na wurin tun kuna da intanet, ku kwafe shi a takarda. Sannan ku ɗaga kai ku dubi sama. Inuwar bishiyar kwakwa tana jan hankali, amma itacen yakan kai tsayin mita 25 ko fiye, ƙwallo ɗaya kuma ya haura kilo guda. Ba a kwana a ƙarƙashinta, ba a ajiye yaro a gindinta. Ku guji kwari da bakin rafi, inda ruwan sama ke bi, da kusa da itatuwan nan masu tsirowa cikin taɓon ruwan gishiri, domin can ne matattarar sauro da ƙananan ƙwari masu cizo. Wurin da iska ke ratsawa shi ne alheri: ya rage zafi, ya kore sauro.

Tantin kansa

Tantin ƙasar sanyi an yi shi ne don ya riƙe ɗumi, a tsibiri kuwa ɗumin ne matsalar. Ku nemi mai rufi biyu, na ciki raga ce mai ƙananan ƙofofi, na waje mai hana ruwa, da ƙofa biyu masu kallon juna don iska ta shiga ta fita. Idan an rubuta na mutum biyar ne, mutum huɗu zai ɗauka cikin walwala, don haka ku ƙara ɗaya a lissafi. Ku kafa shi sau ɗaya a gida tare da yara kafin tafiya, ku zuba masa ruwa ku ga ko yana yoyo.

Siraran turakun ƙarfe da ke zuwa da tanti ba sa riƙe rairayi, iska kaɗan za ta tuge su. Abin da muke yi shi ne mu ɗaure igiyar a tsakiyar guntun itace mai tsawon kamu biyu, mu haƙa rami mai zurfin kusan rabin kamu, mu kwantar da itacen a ciki mu binne mu tattake. Buhun da aka cika da yashi ma yana yin wannan aikin. Wannan ya zama aikin babban ɗanmu, kuma ya riƙe shi da muhimmanci.

Abin da ya fi tantin amfani da rana shi ne tamfol. Da hantsi ya yi, cikin tanti ba ya zaunuwa. Babban tamfol da aka ɗaure sama, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo don ruwan sama ya gangare, shi ne falonku da kicin ɗinku. A ƙofar tanti ku ajiye roba da ruwa don wanke ƙafa da ƙaramar tsintsiya. Rairayi a shimfiɗa yana hana yaro barci, yaron da bai yi barci ba kuma kowa zai ji a jikinsa washegari. Zif ɗin raga a rufe yake kullum, ko da minti ɗaya za a fita.

Ruwan sha

Ruwa ya kewaye ku ta ko'ina, amma ba na sha ba ne, kuma matatar ruwa ta 'yan zango ba ta cire gishiri. Ƙananan tsibirai da yawa ba su da rijiya, inda take kuma sau da yawa ruwanta da ɗan gishiri-gishiri. Lissafina lita biyar ga kowane mutum a rana don sha da girki da wanke baki. Mu biyar, kwana huɗu, lita 100 ke nan, jarka biyar masu cin lita 20. Na ƙara jarka ɗaya ta kwanan da ba a shirya ba, ko da jirgi ya makara. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, don haka ku gaya wa mai jirgi nauyin tun da wuri. Kwanuka da ruwan teku ake wanke su, a ɗauraye da ɗan na daɗi.

Idan dole ta sa za ku sha ruwan da kuka samu a can, ku tafasa shi ya yi minti ɗaya cur yana ɓararraka. Yara ba sa cewa suna jin ƙishi idan wasa ya yi daɗi. Kowanne da gorarsa mai alamarsa, ni kuma ina kiransu lokaci-lokaci su sha a gabana. Fitsari mai duhu ko yaron da ya daɗe bai yi ba alama ce ta ruwan jiki ya ragu. Ku tafi da ƙullin gishiri da sukari na kemis. In ya ƙare, ana haɗa shi da lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali.

Girki ba ya buƙatar dogon bayani. Ƙanƙara a kula ba ta wuce kwana biyu a wannan zafin, don haka abin da zai lalace a ci shi a ranar farko, sauran kwanakin a dogara da busasshen abinci da na gwangwani. Komai a rufe cikin roba mai murfi, saboda tururuwa da ɓeraye da ƙaguwa. Ba a shiga jirgin sama da tukunyar gas, ko a hannu ko a cikin kaya, sai dai ku nema bayan kun sauka. Kada a kunna risho ko a shigar da garwashi cikin tanti ko da ana ruwa. Hayaƙin da ke kashewa ba shi da wari ba shi da launi, masu barci yake ɗauka. Idan za ku sayi kifi wajen masunta, ku tambaye su wanda suke ba 'ya'yansu. Wasu manyan kifayen da ke farauta a duwatsun murjani, irin su barakuda, sukan tara wata guba da dafuwa ba ta kashewa, mutanen wurin kuma sun san su.

Rana da sauro

Kusa da tsakiyar duniya rana tana tsayawa a kan kai, farin rairayi da kumfar teku kuma suna mayar da haskenta sama, har wanda ke ƙarƙashin inuwa yana samun rabonsa. Duhun fata yana rage ƙuna amma ba ya hana ta. 'Yata ta tsakiya kafaɗunta sun saɓule a tafiyar farko, kwana biyu ba ta iya kwanciya rigingine. Daga ƙarfe goma na safe zuwa huɗu na yamma muna ƙarƙashin tamfol, ana karatu, ana zane, ana barcin rana. Wanka da sassafe ne da kuma bayan la'asar. Riga mai dogon hannu ta wanka da hula mai faɗi sun fi kowane mai, amma man kare fata ma ana shafawa, mai lamba 30 ko sama, a sake bayan awa biyu da bayan kowane wanka. Ku duba abin da aka haɗa shi da shi, domin ƙasar Palawu tun 2020 da Hawayi tun 2021 sun hana sayar da masu wasu sinadarai da ke cutar da murjani. Jaririn da bai kai wata shida ba a inuwa ake barinsa gaba ɗaya.

Sauro iri biyu ne za ku yi hattara da su. Mai kawo zazzaɓin cizon sauro da dare yake aiki. Mai ɗigon fari a ƙafafu, wanda ke kawo zazzaɓin dengi da na cikungunya, da rana yake cizo, musamman da safe da gab da faɗuwar rana. A 2005 zuwa 2006 cikungunya ta kama kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen tsibirin Reyuniyon. Wasu tsibiran sun rabu da maleriya, kamar Maldibs da Siri Lanka, da Kef Bade da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2024, amma wannan bai kore dengi ba. Ku ga likita makonni kafin tafiya ya faɗa muku ko kuna buƙatar maganin rigakafi. Man korar sauro mai sinadarin DEET ana shafa wa yaron da ya wuce wata biyu, a bar tafin hannu da kewayen ido da baki. Man rana ake fara shafawa, na sauro ya biyo baya. Idan zazzaɓi ya zo, farasitamol za a ba da, a guji asfirin da ibufurofen har likita ya tabbatar ba dengi ba ne, domin suna iya jawo zubar jini.

Yara da ruwa

Wannan ne abin da ya fi hana ni barci kafin mu tafi. Yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu su ne nitsewa ta fi ɗauka a duniya, kuma yaron da ke nitsewa ba ya ihu ba ya fantsama ruwa. Shiru yake tafiya, cikin ƙasa da lokacin da za a ɗauka a juya a ɗauko tawul.

Dokarmu guda ce kuma ba a taɓa karya ta ba: duk lokacin da yaro ke ruwa ko kusa da shi, akwai babba ɗaya da aikinsa kallo kawai, ba waya ba girki ba hira. Muna da wata jar hula, wanda ta ke kansa shi ne mai gadi. Idan zan tashi sai in miƙa wa maigida in ce, "Abban yara, ga su nan a hannunka," shi kuma sai ya amsa da baki kafin in juya. Haɗarin yana zuwa ne a lokacin da kowanne ke zaton ɗayan na kallo. Autarmu ba ta taɓa yin nisan da hannuna ba zai kai gare ta ba. Babban yaro ba ya gadin ƙarami, shi ma yaro ne. Da dare kuma ina kwana a bakin ƙofa, na ɗaura ƙaramar ƙararrawa a zif.

Ku koya musu gane kwararon da ke jan mutum zuwa tsakiya. Ruwan da raƙuman teku suka turo gaɓa yakan tattaru ya koma ta wata siririyar hanya da ƙarfi. Wurin yakan yi kamar ya fi ko'ina kwanciya, ruwansa ya fi duhu, raƙuman ba sa fashewa a cikinsa, shi ya sa yake yaudarar iyaye. Wanda ya faɗa ciki kada ya yi kokawa da shi yana neman gaɓa kai tsaye, gajiya ce ke kashewa. Ya kwanta a kan ruwa ya ɗaga hannu, ko ya yi iyo a gicciye, ta tsawon gaɓar, har ya fita daga kwararon. Mun sa yaran sun gwada kwanciya rigingine a ruwa mara zurfi kullum da safe har ta zame musu jiki.

Lokacin da teku ta janye shi ne lokacin da yara suka fi so. Tana barin ƙananan tafkuna a cikin duwatsu cike da kifaye masu launi da taurarin teku da ƙaguwa. Mun shafe awanni a nan, autarmu tana tsugune tana kira, "Umma, zo ki ga wannan!" Sai dai a fita da agogo. Ruwan da ke dawowa yakan zagayo ta baya ya cike kwari tsakaninku da gaɓa kafin ku lura. Muna fita awa ɗaya kafin ƙarshen janyewa, muna juyowa da zarar ta fara dawowa.

Kowa da takalmin roba mai rufe ƙafa. Akwai wata halitta mai ƙayoyi kamar bushiya da ke maƙale a duwatsu, akwai kuma kifin da ya yi kama da dutse sak, mai dafi a ƙayoyin bayansa. Wanda ya taka irin wannan kifin a tsoma ƙafar a ruwa mai zafin da za a iya jurewa ba tare da ƙuna ba, a nufi asibiti nan take. Akwai kuma halittar nan mai kama da farar leda da jela-jela, wadda taɓa ta ke ƙuna kamar wuta. Mai siffar akwati a cikinsu, da ake samu a arewacin Ostareliya da kudu maso gabashin Asiya, tana iya kisa. Ana kwarara ruwan khal a wurin na aƙalla daƙiƙa 30, ba a murzawa, ba a zuba ruwan daɗi. Kwalbar khal tana cikin jakar maganinmu tare da bandeji da hantsaki da maganin wanke ciwo. Yankan murjani ko ƙarami ne a wanke shi sosai da sabulu da ruwa mai tsabta, don yana saurin ruruwa. Katantanwa mai siffar mazurari da zane mai kyau ba a ɗaukarta, tana harbi. Masu zuwa Karibiyan kuma su tambayi itacen mancinil, mai 'ya'ya kamar ƙananan tuffa. Guba ne daga ganye har 'ya'ya, ko fakewa ƙarƙashinsa ana ruwa yana sa fata ta yi bororo, a wurare da yawa ana shafa masa jan fenti don gargaɗi. Abin da na gaya wa yarana a taƙaice shi ne: ido ya gani, hannu ya bari.

Akwai magana ɗaya da na zaunar da su na yi musu a ranar farko. Idan ƙasa ta girgiza, ko teku ta janye farat ɗaya ba a lokacinta ba har kifi na tsalle a fili, ba a tsayawa kallo ba a ɗaukar kaya, tudu ake nufa da gudu. Ranar 26 ga Disamba 2004 ambaliyar tsunami ta kashe mutum kusan 230,000 a ƙasashen da ke kewaye da Tekun Indiya. A tsibirin Simeulue na Indonesiya, wanda ke dab da inda girgizar ta faru, mutum bakwai kawai suka rasu cikin sama da 70,000, domin tun bayan ambaliyar 1907 kakanni suke ba jikoki labarin abin da suke kira smong, suna cewa in ka ga haka ka hau dutse. Mun taka tare har wurin da ya fi tsayi kusa da zangonmu don kowa ya san hanya. Tsawa ma haka: tanti ba ya kare kowa daga aradu, a fita daga ruwa, a nisanci doguwar bishiya, a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe.

Dare

Kusa da tsakiyar duniya rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara, duhu kuma ba ya jira, cikin rabin awa ya rufe. Ku gama girki da wanke-wanke da jera shimfiɗa tun biyar. Kowane yaro da tocilarsa ta ɗaurawa a goshi. Batirin ajiyar caji a jakar hannu ake shiga jirgin sama da shi, waya ɗaya kuma a kashe take a cikin leda don ranar buƙata.

Idan gaɓar wurin da kunkurun teku ke ƙwai ce, ku rage haske. Uwar takan fito da dare ta haƙa rami ta zuba ƙwai wajen ɗari, bayan kusan wata biyu 'ya'yan su fito su nufi inda ya fi haske, wanda a asali teku ce. Farar fitila ko wutar zango tana karkatar da su zuwa tudu su mutu. Jar fitila ake amfani da ita, kuma ramukan da yara suka haƙa da rana a cike su kafin magariba. A tafiya ta biyu mun ga sawun uwa ɗaya da safe, faffaɗa kamar na tayar mota, daga ruwa zuwa gindin ciyawa ya koma. Yaran sun bi shi a gefe a hankali ba wanda ya taka.

Inda babu banɗaki, a haƙa rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, nesa da ruwa da zango da taku saba'in, sama da layin cikar teku, a binne. Ƙunzugun yara da leda da gwangwani duk a buhu suke komawa tare da ku. Tsibiri ba shi da inda zai kai shara.

Ranar komawa ku tashi da asuba ku kwance tanti kafin zafi, ku kai kaya bakin ruwa awa ɗaya kafin lokacin jirgi, domin mai jirgi da cikar teku yake tafiya, in ta wuce sai wata. Jarkar nan ta ƙari kada a taɓa ta sai kun ga jirgin da idonku. A tafiyarmu ta biyu iska ta hana shi fitowa, muka ƙara kwana, ita muka sha. Da kun isa gida ku wanke zif da sandunan tanti da ruwan daɗi don gishiri na cin ƙarfe, ku shanya tantin ya bushe ƙayau kafin a naɗe. Duk yaron da ya yi zazzaɓi a makonnin da suka biyo baya, a kai shi asibiti a ranar, a gaya wa likita tsibirin da kuka je da ranar da kuka dawo.